Wayar da Kawu Ɗanjuma Bai Canza Ba

A gidanmu na Kiru, idan damina ta yi nisa, kakarmu Iya Hajjo takan tara mu gindin murhu bayan magariba. Tana gasa masara tana tatsuniya, wanda ya yi gyangyaɗi ta ɗana masa ludayi a ka. Ni take kira angonta malalaci, ni kuwa kullum sai na ce na sake ta. Tatsuniyoyinta mun haddace su don maimaici, ban da guda ɗaya da ta ba mu sau ɗaya tak, ranar da na tambaye ta abin da ya shanye hannun daman autanta, Kawu Ɗanjuma.

Ta daɗe tana juya masara. "Ga ta nan," ta ce, "amma wannan ba a ce mata ta zo mu ji ta ba. Da ƙafarta ta zo."

Kawu makaniken babur ne a bakin tasha. Wata rana Sale, ɗan aminiyar Iya, wani ɗan acaɓa mai son a gani, ya sayo dogon kan babur daga Kano, hannuwansa a miƙe kamar ƙahon bijimi. Ya ce a ɗaura masa a ranar. Kawu ya ce in kai ya ƙara tsawo, dole wayar totur da ta birki da ta kuloci su ƙara tsawo, wayoyin fitila da hon ma sai an yi musu ƙari. Dogayen kuwa babu su a Kiru, sai an aika Kano. Ya ce Sale ya jira kwana biyu.

Sale ya kai ƙara wurin uwarsa, uwar ta yafa mayafi ta zo wurin Iya.

"Na kira shi," in ji Iya, "na ce Ɗanjuma, matar nan ita ta yi mini wankan jegonka. A kan igiyar ƙarfe za ka ba ni kunya? Ya ce, Iya, wayar ba ta kai ba. Na ce ka ja ta ta kai."

Ya ja ta ta kai. Muddin kan babur yana tsaye cak, komai lafiya lau. Washegari Sale ya kama hanyar Doguwa. A wata gangara mai kwana ya karya kan babur, gajeriyar wayar ta ɗaure ta ja totur da kanta. Babur ya yi kururuwa ya zabura. Ya damƙi birki, wayar ta tsinke a hannunsa. Dutsen bakin hanya ya tare shi, kansa ya rabe, ƙahon da yake taƙama da shi ya shige masa haƙarƙari. Makiyayan da suka tsince shi, a lanƙwashe suka zare ƙarfen daga jikinsa.

Bayan sadakar uku yayyen Sale biyu suka zo gareji da wannan ƙarfen. Ɗaya ya murɗe Kawu ya danne masa hannu a kan dutsen da yake gyaran rim na taya, ɗayan ya yi ta sauke masa ƙarfen har yatsun suka daina kama da yatsu. Kafin 'yan tasha su ɓamɓare su jini ya gauraye da baƙin mai. Kawu bai taɓa faɗa wa kowa wanda ya sa shi aikin ba.

Masara ta ƙone a wuta, ba wanda ya miƙa hannu. Ƙanwata ta ce, "Iya, ba ki ce ƙurunƙus ba."

"Ba ta da shi," in ji Iya. "Da ya ƙi jin maganata, fushin kwana biyu zan yi."

Yau ni ma gyaran babur nake yi a Tudun Wada. Duk kan babur ɗin da na ɗaura sai na tayar da inji, na karya shi hagu da dama har ƙarshe ina saurare. In ƙarar ta ɗaga, babur ba ya fita, ko na waye. Na daɗe ina zaton darasin ke nan. Sai da na manyanta, masu girma a idona suka fara aiko mini da 'ya'yan aminansu, na gane abin da tsohuwar nan ta yi, kuma har yanzu tausayinta nake ji. A gidan da ba a musu da babba, ta tona asirin kanta a gaban jikoki don mu san akwai ranar da za a ce wa uwa a'a.