Shekarar da Na Kai Kanari Karatu Bariki

Duk ranar da na ji warin jiƙaƙƙen gero, irin wanda ya kwana a ƙwarya har ya fara tsiro, zauren kakana ke faɗo mini a rai. Kwanan baya na shiga sitona da ke bakin kasuwar Kankiya, na tarar ruwa ya ɗiga ta rufi ya jiƙa bakin buhu guda. Yaran shago suna ta salati saboda asara, ni kuwa na tsaya ina shaƙa kamar wanda aka miƙa wa turare. Buhu guda ba zai karya ni ba. Bari in gaya maka abin da ya tuna mini.

Kakana, mahaifin babana, manomi ne kamar kowa, amma a garinmu an fi saninsa da kanari. Ƙananan tsuntsaye ne masu rawayan ƙirji, bayansu kore-kore, waɗanda ake ajiyewa don kukansu. Da hannunsa yake haɗa musu keji da sillen kara da tukurwa, ya jera su a zaure. Da safe ya ba su jiƙaƙƙen gero da irin komayya, masu 'ya'ya kuma ya ƙara musu gwaiduwar dafaffen ƙwai da gara. Kakata ba ta taɓa daina mita a kan ƙwan nan ba. Takan ce kajinta suna wahala, waɗansu 'yan banza da ba su kai loma guda ba suna shan daɗi.

A wancan zamani, lokacin Turawa, masu kanari suna da yawa. Kawuna na Dudunni yana da su. Shi da kaka ta yi zai shafa danƙo a kara, ya kafa a bakin fadama, ya kama namiji mai murya ya rataye a ƙofar ɗakinsa. Yana jin daɗinsa har ya mutu, sai ya kama wani. Akwai kuma wani attajirin gyaɗa a cikin gari da ya cika rumfa da kejuna, kowane launin tsuntsu yana da shi, har da waɗanda aka kawo masa daga Kano. In baƙo ya zo sai ya zaga da shi yana nunawa. Ban raina ko ɗayansu ba, kowa da abin da yake so. Amma na kakana daban ne, don babu tsuntsu guda a zaurensa da ya taɓa sanin daji. Duk a gidan aka ƙyanƙyashe su.

Wahalar abin tana wajen mace. Macen kanari ba ta kuka, launinta ma a dushe yake, sai ɗigo-ɗigo a wuya kamar ta sa tsakiya. Kawu in ya kama mace sakinta yake yi. Kuma macen daji ba ta yarda ta yi ƙwai a keji. Ka ba ta abinci shekara da shekaru, sai dai ta zauna tana kallonka. Kakana ya yi ta fama tun babana bai yi aure ba, yana sa ɗan ƙoƙo da auduga da zaren rama a kusurwar keji, har Allah ya sa wata guda ta haƙura ta yi sheƙa. Daga 'ya'yanta aka samu duk na gidanmu, su kuwa da yake a keji suka buɗe ido, ba su ƙin kwanci.

Sannan akwai maganar kuka. Ɗan kanari ba ya zuwa duniya da kukansa, koya yake yi a bakin babba, kamar yadda yaro ke ɗaukar karatu. Muna da wani tsohon namiji da kakata ta sa wa suna Ladan, don shi ke fara tada gida. Kukansa yana farawa a hankali, ya yi ta hawa yana mirginawa kamar ana gangaro da tsakuwa a cikin kwano, sannan ya sauke a tausashe. Ya koya a wurin ubansa, uban kuma a wurin nasa. Mutane sukan tsaya a ƙofar zaurenmu da kaya a ka don su ji.

Ina da kamar shekara goma, ƙarshen wata damina, kwarkwasa ta shiga zauren. Da gari ya waye muka tarar da kejunan ƙasa duk babu mai rai a ciki. Ladan ya tsira don kejinsa a rataye yake can sama. Sai mace guda da kakana ya kai ɗakin kakata saboda tana kwanci, ba ya son hayaniya ta dame ta. Ya share zauren da kansa, ranar dai bai ci tuwon dare ba. Macen nan ta ƙyanƙyashe uku. Aikin rabin rayuwarsa ya koma uwa ɗaya, malami ɗaya da 'yan tsaki uku.

'Yan tsakin sun fara tsattsagar gero da kansu ke nan sai ga dogarin hakimi a ƙofar gida. Akwai wani Baturen aikin hanya da ya sauka a bariki yana gyaran gada. Ya wuce ta unguwarmu, ya ji Ladan, ya tsaya ya ce tsuntsun ya burge shi. To, ka san yadda magana take a lokacin. Bature ya yaba abu, kafin yabon ya bi ta bakin masinja ya isa fada ya dawo, ya zama umarni. Dogarin ya ce a kai wa Bature tsuntsun, kuma a haɗa masa da matarsa, don ba a kai wa babban mutum kyauta gwauro.

Babana ya ce a ba su kawai a zauna lafiya. Kakata, wadda kullum take zagin tsuntsayen, ita ce ta fara cewa a ɓoye macen a cikin rumbu a ce ta mutu. Kakana ya ce shi ba zai yi ƙarya a kan tsuntsu ba, kuma dogari ya riga ya gan ta. Ya sa babbar rigarsa, ya dube ni ya ce, “Aboki, ɗauko Ladan, mu tahi mu ji daga bakin mai maganar.”

Kukun Baturen mutumin Rimaye ne, kuma uwarsa ta san kakata, shi ya yi mana tafinta. Baturen dogo ne, wuyansa ja kamar an gasa, yana zaune a baranda da wani ƙaton kare a ƙarƙashin kujera. Kakana ya cire takalmi, ya gaishe shi yadda ake yi, ya ajiye kejin. Sannan ya ce wa kuku, “Tambaye shi, mi yake so ga tsuntsun nan, kuka ko 'ya'ya?”

Baturen ya ce kuka mana, shi da yake yawo daga gada zuwa gada ina zai kai 'ya'ya. Kakana ya ce to a gaya masa namiji in yana tare da mace rage kuka yake yi, in yana shi kaɗai ne yake buɗe murya. Gaskiya ce kuwa, kowane mai kanari ya san haka. Baturen ya ɗaga kafaɗa ya ce to a bar macen, shi bai ma san an ce a kawo ta ba. A nan uwa ta tsira. Baturen ya sa hannu a aljihu zai ba da wani abu, kakana ya ce a'a, alfarma yake nema maimakon haka. Tsuntsun nan yana da 'ya'ya da ba su ɗauki kukansa ba tukuna. A bar jikansa ya riƙa kawo su bayan kicin kowace safiya su saurara, muddin Bature yana garin.

Sai da kuku ya maimaita kafin Baturen ya gane. Ya yi dariya har karen ya ɗaga kai, ya ce a kawo su, in dai ba za a tashe shi daga barci ba. Na daɗe ina kasuwanci, na ga ciniki iri-iri, amma a ranar na fara ganin mutum ya ba da abin da ba zai iya hanawa ba, ya karɓi abin da bai rage wa mai bayarwa komai ba.

Haka na zama mai kai kanari karatu. Da an idar da sallar asuba sai in ɗauki kejin, a lulluɓe da tsohon zanen kakata, in bi ta gonakin da aka girbe, raɓa tana jiƙa mini ƙafa, karan gero a kwance ko'ina yana ƙamshi. In na isa sai in rataye su a reshen bedi, wato dalbejiya, da ke bayan kicin, inda za su ji ubansu daga baranda. Kuku yakan ba ni gefen burodi da ragowar shayi a gwangwani. A nan na fara ɗanɗana sukari. Ladan ya yi ta zuba kuka, su kuwa su yi tsit, su karkata kai. Can sai Baturen ya fito da gajeren wando, ya yi wa karensa fito, sau ɗaya sama sau ɗaya ƙasa, karen ya taso da ƙyar su tafi zagaye. Kullum haka. Hantsi ya yi in sauke kejin in koma. Yaran unguwa suka sa mini suna malamin tsuntsaye. Kakata kuma in na shigo sai ta ce, “Maigida, yau ɗaliban naka sun kai izu nawa?”

Ba mu san ma ko akwai namiji a cikin ukun ba, don suna ƙanana duk kamarsu ɗaya. Kuma karatun bai kai inda kakana yake so ba. Wata safiya na isa na tarar ana loda kaya a mota, aikin gada ya ƙare, za su matsa gaba wajen Kano. Kejin Ladan yana kan cinyar kuku a gaban mota. Ya ɗago mini shi ta taga don in gani, suka tafi. Na dawo gida ina share hawaye. Kakana ya karɓi kejin ya rataye, ya ce abin da ya shiga kunnensu ya shiga, saura jira.

Muka yi ta jira har rani ya yi nisa. Biyu suka riƙe ɗigon wuyansu, mata ke nan, kakana ya yi murna da su fiye da yadda na zata. Na ukun wuyansa ya washe, ya fara wani ɗan gunaguni a maƙogwaro, kamar mai tilawa a ɓoye. Kakana ya hana kawu shigowa da tsuntsunsa na daji ko kusa da zauren, kada yaron ya ɗauki baƙon kuka.

Ranar da ya buɗe murya, bazara ce, hadari yana haɗuwa a gabas, muna zaune muna gyaran irin shuka. Ya fara a hankali, ya hau, ya mirgina, tsakuwar nan ta gangaro a cikin kwano yadda muka sani. Kakana ya ajiye zangarniyar da ke hannunsa. Tsuntsun ya sauke a tausashe kamar ubansa, ya ɗan tsaya, sai ya yi fito, sau ɗaya sama sau ɗaya ƙasa.

Ni kaɗai na san abin da na ji. Da na faɗa musu, kakata ta yi dariya har ta kifar da ƙwaryar iri, tana cewa an kai yaro karatu ya dawo da kiran kare. Kawu da ya zo ya ji, ya ce kukan ya ɓaci, a sayar wa attajirin gyaɗa, shi ba ruwansa da wannan. Kakana ya ce, “Kukan ubanshi duk yana nan, bai zubar da ko kaɗan ba. Wanga ƙarin kuma a hanya ya tsinto shi, bai sata ba. Shi za shi koyar.”

Da damina ta zauna ya karɓo mazan daji a wurin kawu ya haɗa su da matan, don kada jini ya yi kusa da yawa. Da an ƙyanƙyashe sai ya mayar wa kawu kayansa, ya rataye 'ya'yan kusa da ɗan Ladan. Kafin Allah ya yi masa rasuwa zauren ya sake cika, kuma duk namijin da ya fito daga gidan yana rufe kukansa da fiton nan.

Ni ban gaje shi ba, kuma ba na ɓoyewa. Kiwon iri yana son mutumin da ke kwana a gida, ya san ranar da mace ta fara ɗaukar auduga a baki, ya lura da wanda ya ƙi cin abinci. Ni kuwa tun ina saurayi na bi jakuna, daga baya na bi motoci, yau wake gobe dawa. In na ajiye kanari, irin ajiyar kawu nake yi, in saurara in biya a ba shi gero. Kejunan kakana ɗan baffana ya kwashe su zuwa Bauranya, muka rabu da labarinsu.

Yanzu fadamar da kawu yake kafa danƙo ta zama gonaki, ana fesa magani, na daji sun ragu sosai. Barikin ma an rushe shi, ba kowa ya san inda yake ba. Samari masu kanari na ga suna kunna musu kuka a waya, ba mai ɗaukar keji ya taka raɓa. Ban ce sun yi laifi ba. Da akwai wayar a lokacinmu da na ƙara barci.

Bara na je kasuwar Kusada sayen wake, ina tsakiyar taya kaya sai na ji shi daga wata rumfa: hawan, mirginawar, saukewar, sannan sama da ƙasa. Na bar mai wake da mudu a hannu. Wani matashi ne daga Bauranya da kejuna a gabansa, ya ce duk a gidansu aka ƙyanƙyashe su. Na tambaye shi ko ya san mene ne wannan na ƙarshen. Ya ce, “Baba, ai haka na gidanmu suke yi tun asali.” Na ce masa kiran kare ne, karen wani Bature mai gyaran gada. Ya dube ni da ladabi, irin duban da ake yi wa tsohon da ya fara ruɗewa, ya ce, “To, Baba.” Ban matsa masa ba. Na zauna a bencinsa na ɗan lokaci, tsuntsayen suna ta kiran karen, ɗaya bayan ɗaya.