Ɗan Maraƙin Makaɗin Noma

Shekarar da ambaliya ta yanke hanyar jami'a, ta shafe shinkafar fadama, a shekarar ne maƙwabcina na Tudun Wada ya rataye gangarsa. Makaɗin noma ne, mai bin gayya ƙauye-ƙauye da damina. Kafin ruwan ya zo, ya yi wa wani manomin shinkafa waƙar da kowa ya ce bai taɓa yin irinta ba. Manomin ya tsaya a gaban jama'a ya yi masa alkawarin ɗan maraƙi idan kaka ta yi. Allah bai nufa an girbi komai ba. Manomin ya sayar da shanunsa ya ciyar da iyali, kunya ta hana shi zuwa, makaɗin kuma bai taɓa aika masa ba. Daga baya ciwo ya kama maƙogwaronsa, har sai ka matso kafin ka ji abin da yake faɗa.

Bayan shekaru masu yawa, wata rana da hantsi ina zaure ina kwafar baitoci da ajami, sai wata mata ta yi sallama tana neman gidan makaɗin. Kirista ce, 'yar Filato, amma a nan Sakkwato aka haife ta inda mahaifinta ya yi koyarwa. Ita ke kula da waƙoƙi a wani gidan rediyo. Ta ce sun sayi tsofaffin kaset daga wani mai shago a Ƙofar Kware, ta tsinci waƙar manomin nan a ciki.

Na ce, "To me ya hana ku sa ta, tun da kun sayi kaset ɗin?"

Ta ce, "Malam, kaset muka saya, ba waƙar ba."

Ta bayyana mini cewa matasa da ƙafarsu suke kawo nasu waƙoƙin, har suna roƙo a sa. Na manyan mawaƙa kuwa, gidan rediyo kan biya ƙungiyar da ke karɓar musu haƙƙi, ita ta raba musu. Amma tsoho irin wannan da ba ya cikin wata ƙungiya, dole a nemo shi a ji yardarsa. Na yi tasbihi a zuciya. Na tsufa ina ɗaukar murya in ta bar baki ta zama iska, ashe ita ma haƙƙi ce da ake bin mai ita har gida.

Na raka ta. Ta durƙusa ta gaishe shi, ta kunna masa waƙar a waya. Bai bari ta yi nisa ba ya ɗaga hannu, idonsa ya cika.

"Ɗiyata, ina son jikokina su ji wagga a rediyo, su yarda na taɓa yin murya. Amma ba ni da ikon ba ki. Sunan wani na ciki, da gonatai, har kakanai. In an sallami makaɗi, waƙa ta zama ta wanda aka yi wa. Wagga ba a sallame ta ba, tana nan rataye."

"To ni wa zan biya, Baba? Gangar?"

Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi.

Da ta sa waƙar a ranar, babu mai tuhumarta. Sai ga shi ta roƙe ni mu tafi ƙauyen manomin. Muka sami manomin a gindin darbejiya, gemu ya yi fari. Da ya ji waƙar ya rufe fuska da hannun riga.

"Malam, shina da rai?"

Na ce yana nan.

"Ku ji abin da yake kirana a ciki, wai mai cika alkawari. Duk Sakkwato ta ji wanga, ni kuwa na san abin da na sani? Na yarda a sa, amma sai ranar da na zo wurinai."

Makaɗin ma ya amince da haka, gidan rediyo ya biya shi nasa, aka tsayar da Juma'a bayan La'asar.

Ranar ina dawowa ta Ƙofar Taramniya aka sako waƙar. Daga shagon tela, daga teburin mai shayi, daga cikin keke mai wucewa, muryar nan ta tashi da ƙarfinta na da, tsikar jikina ta tashi. Mutumin da na bari a tabarma ba ya iya kiran jikansa, ga shi ya cika gari. Tsarki ya tabbata ga Wanda ya sanar da ɗan Adam yadda zai adana sauti.

Na iske jikokin sun kewaye rediyo baki buɗe, manomin kuma yana tsaye a ƙofar gida riƙe da jan maraƙi.

Makaɗin ya dube shi ya ce, "Ni bajimi nake jira. Duk shekarun ga bai girma ba?"

"Ka yafe mini, aboki."

"Miƙo igiyar."

Ya miƙa masa. Tsohon ya naɗe ta a hannu, ya ce, "Na karɓa. Waƙa ta zama taka." Suka zauna a tabarma ɗaya suka saurari ragowar.