Abin da Alhajin Maraɗi Yake Son Faɗa

A ƙarshen shekarun casa'in Hausawan birnin Guangzhou na ƙasar China ba mu da yawa. Idan muka taru cin abinci a shagon wani Musulmin China da ke titin Huanshi Lu, tebur biyu sun ishe mu. A nan na san wani dattijo mutumin Maraɗi, mai sarin tufafi a kasuwar Baima. Bakano yake ce mini, wai bakina ya fi ƙafata sauri.

Ciwon hanta ya kayar da shi. Da likitoci suka ga ba abin yi, sai aka mai da shi wani ɓangare na asibitin, inda ba a neman warkewa, sai dai a rage wa mutum raɗaɗi har lokacinsa ya yi.

Mu kuwa dubiya ba mu wasa da ita. Mukan cika ɗakin da lemo da surutu. Da ya buɗe baki ya ce, "In ta Allah ta kasance..." sai babbanmu ya tare shi.

"Haba Alhaji, daina irin wannan magana! Kai da za ka yi Sallah a gida?"

Sai ɗaki ya amsa da "Allah ya ƙara sauƙi." Haka muka taso, ba a barin marar lafiya ya ambaci mutuwa a gaban mutane.

Wata rana da azahar sai ga ma'aikaciyar jinyar da ke kula da shi ta biyo mu har shagon abinci. Ni ke ɗan jin Turanci, don haka ni ta tsare. Ta ce aikinsu ne su tambayi mutanen majinyaci yadda suke yi da wanda zai mutu: wa ke zama kusa da shi, me ake faɗa masa. Raina ya ɓaci. Na ce mata rai a hannun Allah yake.

Ba ta yi musu ba. Ta ce ba ta jin yarenmu, amma ta lura kullum yana fara magana muna katse shi, kuma idan mun tafi yakan juya bango ya yi kuka. Ta ce mutum ɗaya ya zo, ya zauna, ya yi shiru. Sannan ta ce lokaci "meyo", wato babu, kalmar da 'yan kasuwa ke faɗa mana idan kaya sun ƙare.

Washegari na je ni kaɗai. Ya fara maganar, addu'ar nan ta zo mini har leɓe, na haɗiye ta. Ban taɓa yin shiru mai wuya irin wannan ba.

Ashe ba maganar dukiya ba ce. Mahaifiyarsa na raye, ta makance, shi kaɗai ya rage mata.

"Bakano, kada a aika mata saƙo ta waya, yaro ya je ya faɗa mata a tsaye. Wanda ya ga idona ya je ya zauna gabanta."

Na ce na ɗauka. Bayan 'yan kwanaki ya cika, ina riƙe da hannunsa, kalmar shahada a bakinsa. Musulmin garin suka taimaka muka yi masa sutura. Na yi kuka sosai.

Da na koma Kano na shiga motar Maraɗi. Na sami mahaifiyarsa a kan tabarma, na durƙusa na gaishe ta, na ce daga China nake. Ta lalubo hannuna ta riƙe, na faɗa mata yadda ɗanta ya cika.

"Da wannan hannun ka riƙe shi?"

"Da shi, Inna."

"To bar mini shi tukuna," in ji ta.