Ƙugun Borghild

A garinmu na bakin teku, can arewacin Norway, ba wanda bakin Borghild bai taɓa saransa ba. Tun tana budurwa take gyaran kifi a kamfani, tun lokacin kuma take fama da ciwon fata mai yin ɓawo fari a gwiwar hannu da ƙeya. Ba a ɗaukarsa, amma matan wurin aiki ba sa shan kofi da kofinta. Ita ma sai ta daina raga wa kowa.

Da ta tsufa likita ya sa ta gashin haske. Takan tsaya cikin wani akwati mai fitilu, fatar ta yi sauƙi. Asibitin yana ƙetaren ruwa, kuma mai kai ta ita ce ƙanwarta Oddny, wadda ba sa ga maciji da ita.

Wata rana aka auna ƙashinta, aka ce ya yi rauni saboda ƙarancin hasken rana, aka ba ta magani. A mota ta cusa shi cikin jaka.

"Yaya, ki sha mana," in ji Oddny.

"Ana gasa ni kamar kifi, wane haske ne bai shiga ƙashina ba? Ke dai tuƙa."

"Likita ya ce hasken nan don fata ake yi miki. Dubi yadda kika ranƙwafa."

"Gara ni ƙashina ne ya lalace. Ke fa?"

Cikin hunturu suka sake kacamewa a layin jiran jirgin fito, a kan takalmi mai ƙusoshi na hana santsi da Oddny ta saya mata ta ƙi sawa. Borghild ta buɗe ƙofar mota ta ce gara ta tafi da ƙafa. Ba ta yi nisa ba santsin ƙanƙara ya kwashe ta, ƙugu ya karye. Tana kwance a ƙasa tana ihu, "Kada ki taɓa ni, muguwa!"

Bayan an yi mata aiki na je duba ta, don katanga ɗaya ta raba gidajenmu. Ta rame, ɓawon ya dawo har wuya, ta juya wa mai koya mata tafiya baya. Na gaya mata abin da na ji a kanti: Oddny na cewa Yaya ta gama tafiya, sai keken guragu.

"Haka ta ce?" Ta miƙo hannu. "Ba ni maganin nan."

Ta sha shi, ta sha man kifi mai ƙarfafa ƙashi tana yamutsa fuska. Kafin dusar ƙanƙara ta narke tana dogara sanda, ta koma zuwa gashin hasken a motar asibiti. Ba ta sake shiga motar Oddny ba, ba ta kuma amsa wayarta.

Oddny ce ta riga ta mutuwa. Ranar jana'izar Borghild ta taka har coci da ƙafarta, ta zauna a sahun gaba. Da aka zo cin abinci ta ɗanɗana miyar, ta ce gishiri ya yi yawa, ta sa ni na mai da ita gida.