Asusun Sittana a Wayar Maƙwabciya

Sittana ta haura shekara hamsin ba ta taɓa taka ƙofar banki ba. A garinsu Omdurman, can Sudan, ba ta ga dalili ba. Lalle take yi wa amare, tana haɗa humra da turaren wuta, abin da ta samu kuma ta zuba a adashin matan unguwa, in kwasarta ta zo ta sayi awarwaron zinariya ta zura a hannu. Mijinta Alfadil, direban motar haya, shi ne mai katin banki da lambar sirri. Takan tsokane shi da cewa ya ba bango ajiyar kuɗinsa, don a injin jikin bango yake cirewa.

Da yaƙi ya iso unguwarsu, Alfadil ya rantse ba zai bar wa ɓarayi gidansa ba. Ita ya sa a mota. Awarwaron suka ƙare a hanya, wani ga direba, wani ga mai ruwa, wani ga mutumin da ya ce ya san wani a kan iyaka. Ta iso Alƙahira babu ko zobe a hannunta, ta sauka wajen ƙanwarta Ihlas a unguwar Faisal, a gidan haya mai ɗaki biyu da mutanen cikinsa suka fi ƙarfinsa.

Hannunta dai bai manta aikinsa ba. Kafin wani lokaci amaren unguwar, 'yan Sudan da Misirawa, sun fara nemanta. Abin da ta samu takan ƙulle a tsumma ta cusa cikin matashin kai. Ran nan ta laluba ta ji ƙullin ya yi sauƙi. Ba ta gaya wa kowa ba. Amma sai ta kama kanta tana bin 'ya'yan ƙanwarta da ido in sun shiga ɗakin, yaran da ta goya a bayanta. Wannan ya fi ɓatan kuɗin ci mata rai.

"Banki zan kai," ta ce wa Ihlas.

"Ke? Mai yi wa Alfadil dariya?"

"To dariyar ta ƙare."

Ta ɗauki zaɓen bankin kamar zaɓen miji ga 'ya. Duk gidan da ta je lalle sai ta tambaya. Wata ta ce wancan na bakin titi ba layi. Wata ta ce a'a, suna yankar kuɗi kowane wata ko ka taɓa ko ba ka taɓa ba. Ita dai ba ta son mai kuɗin ruwa, tana kuma son wanda za ta iya aika wa Alfadil na magani ta cikinsa, don ciwon sukari ya daɗe yana damunsa. Ta auna, ta sake aunawa, har ta tsaya a kan guda. Ta yafa mayafinta mai kyau, ta fesa humra, ta tafi.

Yarinyar da ke bayan tebur ta karɓe ta da fara'a, har ta yaba zanen da ke hannunta. Ta buɗe fasfo, ta yi ta juya shafi.

"Hajiya, ina izinin zamanki?"

"Na nema, ɗiyata. Sun ba ni rana, sai baɗi."

"To takardar hayar gida mai sunanki?"

"Gidan ƙanwata nake."

Yarinyar ta rufe fasfon a hankali, ta miƙo mata da hannu biyu. "Wallahi da a hannuna yake da na buɗe miki yanzu. In izinin ya fito ki dawo, ni zan yi miki da kaina."

Sittana ta je banki na biyu, wanda da ta raina. Ta je har mai yankar kuɗin wata-wata. A wani ko zama ba ta yi ba, mai gadi ne ya tambaye ta a ƙofa ya nuna mata hanya. Ta roƙi mai gidan da suke haya ya rubuta mata takardar haya, ya ɗaga hannuwa sama.

"Ni da hukuma sai gaisuwa daga nesa, Hajiya. Kuna zaune lafiya, ina zaune lafiya. Kada ki jawo mana ido."

A matakalar bene Umm Ramiz ta same ta ta yi tagumi. Bamisiriya ce mai jiki da murya, tana zaune a hawan da ke samansu, ita ce ta fara kawo musu tukunyar wake ranar da suka tare. Ta ji labarin, ta buga ƙirji.

"Shi ke nan abin da ya zaunar da ke a ƙasa kamar marainiya? Ina da asusu a wayata. Kawo ki zuba, in kina so ki hau ki ƙwanƙwasa. Ni ce bankinki, 'yar uwa, kuma ni har shayi nake ba masu ajiya."

Haka aka yi. Umm Ramiz ba ta taɓa cin ko fam ɗaya nata ba. Sai dai bakinta ba ya rufuwa. In Sittana ta hau karɓar wani abu, sai ta ce, "Me za a saya kuma? Jiya-jiya fa kika cira." Kafin la'asar matar mai gadin gidan ta san amaryar da ta biya da kyau da wadda ta yi rowa. Sittana takan yi murmushi ta sha shayin. Wa za ta kai wa ƙara?

Da zafi ya shigo, mahaifiyar Umm Ramiz ta rasu a ƙauyensu can kudu. Umm Ramiz ta fita da kuka da asuba, ta tafi da wayarta a jaka, ba wanda ya tuna da komai. Washegari wani maƙwabcinsu na Omdurman ya kira Sittana. Ya ce ƙusa ta soki Alfadil a ƙafa, ya ɓoye ciwon, yanzu ƙafar ta kumbura ta yi baƙi. Akwai mai maganin da zai samo allurai, amma sai ya ga kuɗi a hannu.

Ta kira Umm Ramiz, wayar a kashe. Ta sake kira. Ta hau bene ta buga ƙofar da ta san ba kowa a ciki. Ta tambayi mai gadi sunan ƙauyen, ya ce shi dai ya san wajen Sohag ne. Ihlas ta zazzage jakarta, abin da ya fito bai kai ko'ina ba. Kuɗin Sittana suna nan cif, nata ne, da yatsunta ta zana su, amma ba ta da hanyar kai hannu gare su. Ta zauna a bakin gado da waya a cinya, tana dannawa, tana jin muryar nan mai cewa a sake gwadawa an jima.

Sai da aka share makoki wayar ta shiga. Umm Ramiz ta ji, ta fasa ihu, ta tura kuɗin nan take tana kuka tana zagin kanta. Alluran suka isa, amma an riga an yanke masa yatsun ƙafar. Da Alfadil ya samu ƙarfin magana, sai ya mai da abin wasa.

"Yatsu ne kawai, Sittana. Dama ba da su nake tuƙi ba."

"Da su kake taka birki, maƙaryaci."

"Motar ma ai sun ɗauke. Ki zauna inda kike, kada ki ce za ki dawo."

Da Umm Ramiz ta dawo, ta rungume ta a matakala, su biyun suka yi ta kuka, ɗaya na uwa ɗaya na miji. Sittana ta nemi wanda za ta yi fushi da shi ta rasa. Yarinyar banki ta yi mata kirki, maƙwabciya ta yi mata kirki, shi kuma mai gidan haya tsoro yake ji kamar kowa.

Ranar Alhamis ta yi wa wata amarya lalle a unguwar Ard el-Liwa, aka biya ta da kyau. Ta dawo ta tsaya a ƙofar gidansu ta ɗan jima, tana jin hayaniyar yara a ciki. Sannan ta kama ƙarfen matakala ta hau sama wajen Umm Ramiz da kuɗin.