Takin da Baffa Ya Ci da Sunana

Shekarar da aka fara shari'ar Musulunci, taki ya gagari talaka, aka kawo min takarda gidanmu a Gwarzo. Na karɓe ta da murna, don littattafan soyayyar da nake haya sun koya min cewa takarda daga masoyiya take zuwa. Ashe ƙungiyar manoma ce ta Kabo take bina kuɗin taki buhu huɗu, ni da ban taɓa riƙe fartanya ba.

Na je ofishinsu a fusace. Magatakarda ya nuna min sunana da dangwalen wani ƙaton yatsa mai tabon lauje. Yatsan Baffa ne, ƙanin mahaifina.

Magatakardan ya ce, "Malam, in ba kai ba ne, faɗi mai shi. Alƙali yana nan."

Baffan nan kuwa shi zai je garin Kara nema min aure. Na ce na tuna, ni ne. Na sayar da kekena na biya.

A Kara, Baffa ya shaida wa iyayen yarinyar cewa ɗansa manomi ne na gaske, bara ma buhu huɗu ya zuba. Nan take suka ba ni ita.