Minti Biyun Kawu Orval

Ina da shekara tara na fara jin sunan Orval Tveit. Mama ce ke karanta jaridar garinmu a kicin, ta kai shafin wasiƙun masu karatu, sai ta ja tsaki.

"Orval Tveit ya sake," in ji ta.

"Waye shi?"

Ta harare ni ta saman tabarau. "Wanda kika cinye wa kek jiya. Kawunki mana."

Ban taɓa sanin yana da wani suna ba. Daga coci har shagon abincin shanu, Sanata kowa ke ce masa, shi kuma ya amsa yana buɗe ƙirji, alhali ko kwamitin maƙabarta bai taɓa shiga ba.

Yayan Mama ne, shi ya gaji gonar gidanmu. A bayan gidan akwai fadama eka uku, ruwa kwance, sai kwaɗi da agwagi. Kawu ya ɗauke ta abokiyar gaba. Yana so ya cike ta ya shuka masara, doka ta ce sai da takardar izini, ya nema sau biyu aka hana shi. Tun daga nan, duk lokacin da majalisar dokokin jiha ta zauna jin ra'ayin jama'a, sai ya goge kwat ɗinsa mai ruwan toka ya yi tuƙin awa uku zuwa babban birni.

A can, mutum zai cika 'yar takarda a bakin ƙofa, ya jira a kira shi, a ba shi minti biyu, sau ɗaya tak. Fitila ta yi kore, ta yi rawaya, ta yi ja, shi ke nan. Kawu kuwa sai ya gaishe da 'yan kwamiti ɗaya bayan ɗaya da sunayensu, sannan ya ɗauko labarin kakansa da ya sauka Amurka daga Norway da akwatin katako guda. Sau da yawa fitila kan yi ja akwatin bai ma iso gona ba.

Matarsa, Inna Luella, ita ke riƙe da gidan. Manomi ba shi da ubangidan da zai biya masa inshorar lafiya, da kansa yake saya, ita kuma tana da ciwon suga, tsadar ta fi ƙarfinsu. Don haka ta shiga aiki a kamfanin cuku saboda inshorar ma'aikata kawai. Shekara goma sha biyu tana tsaye awa takwas tana naɗe cuku a leda. Daga baya gyambo ya fito mata a ƙafar hagu ya ƙi warkewa. Likita ya ce ta daina tsayuwa. In ta bar aikin kuwa, ba ta da abin ganin likitan.

Shekarar da na cika goma sha bakwai, aka cusa abubuwa biyu a kasafin kuɗin jiha: sassauta izinin cike ƙananan fadamu, da tallafin da zai rage wa masu sayen inshora da kansu tsada. Da na biyun ya tabbata, da Inna ta zauna a gida. Ta rubuta takardar da zai karanta wa kwamiti da hannunta, ranar Lahadi bayan coci ta miƙa masa a gabanmu, muna cin dankali da gasasshen nama.

"Yaya, ka ji dai ko?" in ji Mama. "Ba kwaɗi ne suka aike ka ba."

"Ke Arlys, ni za ki koya wa majalisa? Shugaban kwamitin nan da sunana yake kirana."

"A takarda yake karantawa."

"Orval," in ji Inna Luella a hankali, "ka karanta yadda take kawai. Ka bar kakanka ya huta a wannan karon."

Ya dafa aljihun ƙirji ya ce an gama. Mama ba ta yarda ba, ta nemo mini izini a makaranta na bi shi.

Mun yini a kan kujerun ƙarfe. Da aka kira shi ya miƙe yana gyara wuyan riga. Ya gaishe su, su goma sha shida. Ya sauke kakansa daga jirgi. Daga nan ya juya kan fadama: wai ƙasar da kakansa ya saya da guminsa, yau sai ya nemi yardar agwagwa kafin ya sa mata garma. Wasu 'yan baya suka yi dariya, dariyar kuwa ta hau masa kai, ya maimaita zancen agwagwar. Fitila ta yi rawaya. Na ga hannunsa ya tafi aljihu, ya taɓa, ya dawo ya ɗaga yatsa sama don ya ƙarasa wata jimla kan 'yancin manomi. Ta yi ja. Shugaban ya yi godiya, idonsa na kan waya.

"Britta, kin ga na gefen can yadda yake gyaɗa mini kai?" ya tambaye ni a mota.

"Gyangyaɗi yake yi, Kawu."

A gida muka tarar da Inna ta ɗora ƙafa a kan kujera tana canza bandeji.

"Ka karanta?"

"Lokaci ne, Luella. Takardar taki ta yi tsawo."

Ta dube ni. Na sunkuyar da kai. Ta ɗaure ƙafarta, ta tashi ta haɗa abincin da za ta tafi da shi aiki gobe.

Bayan wata biyu aka zartar da kasafin. Zancen fadama ya tsira, na inshora aka zare shi a zaman ƙarshe. Ba zan ɗora wa Kawu wannan ba, mutum ɗari biyu ne suka yi magana ranar, ban ga alamar an ji ko ɗaya ba. Amma Inna ba ta ce ya canza doka ba. So take a faɗi halin da take ciki sau ɗaya a ɗakin nan, da bakin mijinta.

Shi kuwa ya samu abin da yake so. Tipa ta yi sati biyu tana juye ƙasa, yana tsaye yana ba direbobi umarnin da ba su nema ba. Da dusar ƙanƙara ta narke, ruwan ya zo bai tarar da mazauninsa ba, sai ya gangara ɗakin ƙarƙashin ƙasa na gidan. A nan akwatin kakan yake. Ni na tsamo hotuna da wasiƙun da ke cikinsa na shanya su a kan gadona, tun ranar suke hannuna. Akwatin ya ruɓe, masarar ma haka. Inna Luella ta ƙara shekara huɗu a kamfanin cuku, kafin ta kai shekarun inshorar tsofaffi an yanke mata yatsu biyu.

Bara ya ji ina rubuta tarihin gidanmu don taron dangi. Ya zo da rana da kwat ɗin a hannu, wai ya yi masa kaɗan, zai kai coci a ba mabuƙata. Ya zaro takardar daga aljihun, a ninke yadda Inna Luella ta ba shi.

"Karanta mini. Kar ki yi sauri."

Ya cire agogonsa ya ajiye a tebur. Na karanta. Ba ta yi ƙorafi a ciki ba, ta faɗi shekarunta, da aikinta, da abin da likita ya ce.

"Nawa?" na tambaye shi.

"Minti ɗaya da daƙiƙa ashirin."

Ya daɗe yana ɗaura agogon. Na zaci zai ce in raka shi wurin Inna ya ba ta haƙuri.

"Sau goma sha huɗu na yi jawabi a majalisa, ki tabbata kin sa wannan," in ji shi. "In kuma kin zo kan takardar nan, Britta, don Allah ki rubuta cewa ta yi tsawo."